Gadon Ƙasa: Zama Ɗan Ƙasa Ta Hanyar Jini Da Matsayinsa A Dokokin Duniya



Gabatarwa

Kowane jariri yakan zo duniya ne a wani wuri, daga wasu iyaye, ba tare da an yi shawara da shi ba game da wurin ko iyayen. Amma a kan waɗannan abubuwa biyu ne doka take yanke masa hukuncin da zai bi shi har kabari, watau ƙasar da za ta kira shi nata. Wannan hukunci shi ne yake nuna inda mutum zai zauna ba da izinin kowa ba, da fasfon da zai riƙe, da inda zai jefa ƙuri'a ko ya tsaya zaɓe, da kuma gwamnatin da za ta tsaya masa idan wata ƙasa ta zalunce shi. Yawancin mutane ba su taɓa damuwa da wannan al'amari ba, domin mahaifarsu da ƙasar iyayensu abu guda ne. Sai ranar da biyun suka rabu sa'an nan magana takan tashi.

Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa kowace ƙasa ita kaɗai take rubuta dokar 'yan ƙasarta, alhali kuwa jini ba ya tsayawa a bakin iyaka. Saboda haka dokokin ƙasashe sukan hau kan juna a wani wuri, su bar giɓi a wani wuri, har a ga wani yaro da ƙasa biyu, wani kuma ya tashi biyu babu. Gado ta hanyar jini hanya ce mai kyau ta bai wa mutum ƙasa. Haɗarinta yana bayyana ne sa'ad da aka mayar da ita ƙofa guda tilo, ko aka ɗauke ta aka yi makamin korar mutane da ita.

Hanyoyi biyu

Masana shari'a sun kasa hanyoyin zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa gida biyu. Ta farko ita ce hanyar mahaifa, wadda ake kira jus soli da Latinanci: inda aka binne cibiyar mutum nan ce ƙasarsa, ko daga ina iyayensa suka fito. Ta biyu ita ce hanyar jini, watau jus sanguinis: yaro yakan gaji ƙasar iyayensa kamar yadda yake gadon gonarsu, ko a ina aka haife shi.

Hanyar mahaifa tsohuwar al'adar Ingila ce. A shekarar 1608, a cikin shari'ar da aka sani da sunan Calvin, alƙalan Ingila suka yanke cewa duk wanda aka haifa a ƙarƙashin inuwar sarki talakan sarki ne, yana bin sarki bashin kariya, sarki yana bin sa bashin biyayya. Wannan ra'ayi ya ƙetare teku zuwa Amurka, inda aka shigar da shi cikin Tsarin Mulki a 1868, bayan yaƙin basasa, domin a tabbatar wa 'yantattun bayi da 'ya'yansu cewa su 'yan ƙasa ne. A 1898 Kotun Ƙolin Amurka ta yi aiki da shi a kan Wong Kim Ark, wanda aka haifa a San Francisco, iyayensa kuwa 'yan Sin ne, ta ce shi Ba'amurke ne.

Hanyar jini kuwa, a siffarta ta zamani, daga Faransa ta yaɗu. Kundin dokokin Napoleon na 1804 ya ce ɗan Bafaranshe Bafaranshe ne, ko da a wata ƙasa aka haife shi. Waɗanda suka tsara kundin sun ga cewa ɗaure mutum ga ƙasar da aka haife shi yana da ƙanshin zamanin sarakuna, sa'ad da talaka yake tamkar wani sashe na gandun ubangidansa. Sai suka mayar da zama ɗan ƙasa abin gado, wanda yake bi ta wajen uba kamar sunan gida. Ƙasashen Turai da dama suka yi koyi da wannan, ciki har da Jamus a dokarta ta 1913.

Akwai dalilin da ya sa kowace ƙasa ta karkata inda ta karkata. Ƙasar da mutanenta suke fita neman abinci a waje, kamar Italiya da Ailan, takan so hanyar jini don kada 'ya'yanta su ɓace mata. Ƙasar da take neman baƙi su cika mata fili, kamar Kanada da Barazil da Ajantina, takan so hanyar mahaifa don 'ya'yan baƙi su zama nata. Sai dai kowace hanya, in aka bi ta ita kaɗai, takan kai ga abin da hankali ba ya ɗauka. A Jamus, kafin shekarar 2000, jikan Baturken da ya zo aiki, wanda aka haifa a Berlin kuma bai san wani gida ba, baƙo ne a idon doka, alhali zuriyar Jamusawan da suka zauna a Rasha tun ƙarni na 18 suna iya dawowa a karɓe su a matsayin 'yan ƙasa. Wannan ya sa Jamus ta buɗe ƙofar mahaifa bisa sharuɗɗa daga ranar 1 ga Janairu 2000. Faransa ta riga ta tun 1889, sa'ad da ta ce wanda aka haifa a Faransa, kuma aka haifi mahaifinsa a can, Bafaranshe ne. Ingila kuwa ta bi ta ɗaya gefen: daga 1 ga Janairu 1983 haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba, sai ɗaya daga cikin iyayen ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, sa'an nan ta taƙaita gado a waje ga zuriya ta farko. Italiya ma, wadda ta daɗe tana karɓar duk wanda ya iya bin salsalarsa zuwa wani kaka Ba'italiye tun daga 1861, ta taƙaita abin ga 'ya'ya da jikoki a 2025.

Ikon ƙasa da iyakarsa

Tambayar da take biyo baya ita ce: tun da dokokin sun sha bamban haka, wa yake raba gardama? Amsar farko da dokar ƙasa da ƙasa ta bayar ita ce kowa sarki ne a gidansa. A 1921 Faransa ta fitar da dokokin da suka mayar da wasu mutanen da aka haifa a Tunisiya da Maroko 'yan Faransa, cikinsu har da waɗanda Ingila take ɗauka talakawanta ne. Ingila ta ƙi yarda, aka nemi fatawar tsohuwar Kotun Duniya da ke Hague. A 1923 kotun ta ce a bisa asali maganar zama ɗan ƙasa harka ce ta cikin gida, amma ta ƙara da cewa faɗin wannan iko yana sauyawa gwargwadon yadda hulɗar ƙasashe take bunƙasa, kuma alkawarin da ƙasa ta ɗauka a yarjejeniya yana iya rage shi.

A 1930 aka ƙulla Yarjejeniyar Hague kan saɓanin dokokin zama ɗan ƙasa. Sashenta na farko ya bar wa kowace ƙasa ikon faɗin su wane ne 'yan ƙasarta, amma ya gindaya cewa sauran ƙasashe za su girmama wannan doka ne idan ta dace da yarjejeniyoyi da al'adun da duniya ta amince da su. Sashe na huɗu kuma ya taɓo mai ƙasa biyu: ƙasarsa ta ɗaya ba za ta tsaya masa a kan ƙasarsa ta biyu ba. Watau wanda ya gaji ƙasa ta wajen iyayensa, ko bai taɓa taka ta ba, ranar da ya shiga cikinta yana iya tarar da aikin soja ko wata shari'a tana jiransa, fasfonsa na biyu kuwa ba lalle ne ya cece shi ba.

Shari'ar da ta fi shahara a wannan fage ita ce ta Nottebohm. Friedrich Nottebohm Bajamushe ne, an haife shi a Hamburg a 1881, ya koma Gwatamala a 1905 ya kafa kasuwancinsa a can. A watan Oktoba 1939, wata guda bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, ya nemi zama ɗan ƙasar Liechtenstein aka ba shi. Duk da haka Gwatamala ta ɗauke shi ɗan ƙasar abokan gaba, aka kama shi a 1943, daga baya aka ƙwace dukiyarsa. Liechtenstein ta kai ƙara Kotun Duniya a madadinsa. A 1955 kotun ta ce Gwatamala ba ta da tilas ta amince da wannan takarda, domin zama ɗan ƙasa ya kamata ya tsaya a kan dangantaka ta haƙiƙa tsakanin mutum da ƙasa, watau zama, da iyali, da sana'a, da shaƙuwa, Nottebohm kuwa ba shi da irin wannan da Liechtenstein.

Ko da yake hukuncin ya tsaya ne a kan haƙƙin ƙasa na shigar da ƙara a madadin mutum, ma'aunin da ya kawo yana da amfani ga maganar jini. In aka auna da shi, za a ga tattaɓa kunnen da yake riƙe da fasfon ƙasar da bai san harshenta ba yana da takarda ba shi da dangantaka. Wanda aka haifa a gari, ya girma, ya yi aure, ya binne iyayensa a can, amma aka ce jininsa na waje ne, yana da dangantaka ba shi da takarda. Na biyun shi ne wanda dokokin duniya suka fi mai da hankali a kansa bayan yaƙin, domin duniya ta ga yadda Jamus ta Hitler ta fara tuɓe wa Yahudawa rigar 'yan ƙasa kafin ta hallaka su. Shi ya sa sashe na 15 na Jawabin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin samun ƙasa, kuma ba za a raba shi da ita bisa son zuciya ba. Abin da jawabin bai faɗa ba shi ne wace ƙasa ce za ta bayar.

Gadon mulkin mallaka

A Afirka matsalar ta ɗauki wata kama, domin iyakokin sun zo ne suka tarar da dangogi a zaune. Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1890, 1898, 1904 da 1906. Ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram, ta raba ƙasar Gobir biyu. Ranar samun mulkin kai, a 1960, sai aka wayi gari kowace sabuwar ƙasa tana bukatar ta faɗi su wane ne nata, sa'an nan kowacce ta ɗauki abin da ta gada daga uwargijiyarta.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1960 ya bi Ingila: wanda aka haifa a ƙasar bayan 30 ga Satumba 1960 ɗan ƙasa ne ta hanyar mahaifa. A cikin shekarun 1970 aka bar wannan hanya, Tsarin Mulkin 1979 ya tabbatar da hanyar jini, na 1999 kuma ya maimaita ta a sashe na 25. Sashen ya kasa mutane gida uku. Wanda aka haifa a Nijeriya kafin mulkin kai ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asali a Nijeriya. Wanda aka haifa a Nijeriya bayan mulkin kai ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje kuwa, ya wadatar ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance ɗan ƙasa. Sashe na 28 ya bar wa ɗan ƙasa ta haihuwa damar riƙe wata ƙasa, abin da tsarin 1979 ya hana. Abin lura a nan shi ne Tsarin Mulkin bai fassara abin da ake nufi da al'umma ta asali ba, bai kuma faɗi daga wace shekara ake ƙirga asalin ba.

Nijar ta bi Faransa. Dokarta ta 1984 ta haɗa jini da mahaifa: wanda aka haifa a Nijar, kuma aka haifi mahaifinsa ko mahaifiyarsa a can, ɗan Nijar ne. A 1999 aka daidaita uwa da uba wajen gadar wa yaro ƙasa, a 2014 kuma aka yarda da riƙe ƙasa biyu. Saboda haka yaron da aka haifa a Jibiya, ubansa Bamaraɗe uwarsa Bakatsiniya, a doka yana da ƙasa biyu cif. Ko zai iya tabbatar da ko guda daga ciki a gaban jami'in ba da fasfo, wannan wata magana ce da za a dawo kanta.

Sudan ta nuna abin da ranar ƙirga asali take iya yi wa al'umma. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'a masu yawa, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Alhazai masu tafiyar ƙasa daga ƙasar Hausa da Barno su ma sun yi ta yada zango a Sudan, wasu suka zauna ke nan, suka zama ƙashin bayan noman auduga a Jazira. Amma dokar 1948, da dokar 1957 da ta biyo bayanta, sun ce Basudane shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wannan rana ta bar mutanen Mai Wurno da akasarin zuriyar alhazai a waje, ko da a Sudan aka haife su. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1924, sa'an nan zuwa 1956 a dokar 1994. Jinin mutanen bai sauya ba a cikin waɗannan shekaru. Alƙalamin gwamnati ne ya matsa.

Jinin wa?

Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, dokokin ƙasashe da yawa kuma sun daɗe suna tafiya a kan haka. Ana yawan jingina wannan ga al'ada ko addini, amma a matsayinsa na dokar ƙasa, daga kundin Napoleon da dokokin Ingila ya shigo yawancin ƙasashen Afirka. Faransa ba ta daidaita uwa da uba sosai ba sai a 1973, Ingila kuwa sai a 1983. Nasaba abu ne daban, zama ɗan ƙasa abu ne daban: ta farko tana nuna gidan da mutum ya fito da wanda zai gada, na biyu yana nuna gwamnatin da take da alhakinsa.

Illar gado ta wajen uba kaɗai a fili take. Idan uban baƙo ne wanda ƙasarsa ba ta gadar da kanta a waje, ko shi kansa ba shi da ƙasa, ko ya mutu ko ya gudu kafin a yi wa yaron rajista, to yaron ya rasa ƙasa alhali yana kan cinyar uwarsa a garin kakanninta. A Botsuwana wata lauya, Unity Dow, wadda take auren Ba'amurke, ta kai gwamnati ƙara saboda dokar 1984 ta hana 'ya'yanta biyu zama 'yan ƙasa. Ta yi nasara a Babbar Kotu a 1991, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 1992, aka gyara dokar a 1995. Sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979 kan kawar da wariya ga mata ya riga ya bukaci wannan daidaito. Ƙasashe suka yi ta gyara dokokinsu: Masar a 2004, Aljeriya a 2005, Maroko a 2007, Kenya a 2010, Sanagal a 2013, Saliyo da Madagaska a 2017, Laberiya a 2022. Duk da haka, a 2023 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙasashe 24 da ba su daidaita uwa da uba ba a wannan fanni. Nijeriya ba ta cikinsu, domin sashe na 25 ya ce ɗaya daga cikin iyaye. Ragowar bambancin yana sashe na 26, wanda ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar rajista, bai bai wa baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba. An kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Tarayya a 2022, bai zama doka ba.

Asali a hannun 'yan siyasa

Inda doka ta dogara ga asalin kakanni, to duk mai son kawar da abokin hamayya ya sami inda zai tona. A watan Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, ta fitar da shi zuwa Cadi, bisa hujjar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ko da an karɓi maganar mahaifin, mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce, wannan kuwa ya wadatar, kuma ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Kalmomi kaɗan na Tsarin Mulki, waɗanda suka ƙirga jinin uwa, su ne suka dawo da shi gida.

A Zambiya an gyara Tsarin Mulki a 1996 aka ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai iyayensa duka biyu 'yan ƙasa ne ta haihuwa, domin a tare Kenneth Kaunda, wanda iyayensa suka fito daga ƙasar da ake kira Malawi yanzu. A 1999 wata kotu ta ce mutumin da ya shugabanci ƙasar shekara 27 ba shi da ƙasa, kafin daga baya a warware hukuncin. A Kwaddibuwa irin wannan sharaɗi ya hana Alassane Ouattara takara a 1995 da 2000. Abin bai tsaya a kansa ba, domin 'yan arewacin ƙasar da zuriyar manoman koko da suka zo daga maƙwabta sun ga ana ƙwace musu katin shaida a kan hanya saboda sunayensu. Wannan yana cikin manyan dalilan yaƙin da ya ɓarke a 2002. Tsarin Mulkin 2016 ya sauya harafi guda, ya ce uba ko uwa a maimakon uba da uwa.

Akwai kuma inda aka yi wa al'umma sukutum. Dokar Myanmar ta 1982 ta jingina cikakken zama ɗan ƙasa ga ƙabilun da aka ce suna ƙasar kafin 1823, ba a kuwa sa Rohingya cikinsu ba. A 2017 fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash. A 2011, bayan ɓallewar Sudan ta Kudu, Khartum ta gyara dokarta ta ce duk wanda ya zama ɗan sabuwar ƙasar ya rasa tsohuwar, ko bai nema ba, ko bai taɓa zuwa kudu ba. Wannan dabara ta karanta dokar wata ƙasa a ce wa mutum ga ƙasarka can ba a Afirka kaɗai ake yin ta ba. A 2019 Ingila ta soke takardar wata matashiya haifaffiyar ƙasar da ta tafi Siriya tana da shekara 15, bisa hujjar cewa ta gaji Bangaladash ta wajen iyayenta, alhali gwamnatin Bangaladash ta ce ba tata ba ce.

Toshe giɓi

A ƙarshen 2023 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta ba da rahoton marasa ƙasa miliyan 4.4, ta kuma ce adadin gaskiya ya fi haka, domin ƙasashe da yawa ba sa ƙirgawa. Maganin da dokokin duniya suka tanada bai bukaci kowace ƙasa ta bar hanyar jini ba. Yarjejeniyar 1961 kan rage yawan marasa ƙasa ta nemi abubuwa kaɗan ne: ƙasa ta karɓi yaron da aka haifa a cikinta idan babu wata ƙasar da za ta karɓe shi, yaron da aka tsinta a ɗauke shi ɗan 'yan ƙasa ne har sai an tabbatar da akasin haka, kada a raba mutum da ƙasarsa saboda launi, ƙabila, addini ko siyasa. Sashe na 6 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Yara ta 1990 ya maimaita na farkon, a 2011 kuma kwamitin da yake kula da ita ya yi hukunci da shi a kan Kenya game da 'ya'yan Nubawa, zuriyar sojojin da Ingila ta kawo daga Sudan. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun yi alkawari a Abijan a 2015, Tarayyar Afirka kuma ta zartar da ƙarin yarjejeniya kan haƙƙin samun ƙasa a watan Fabrairu 2024.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar 1961 a shekarar 2011, Nijar tun 1985. Amma sashe na 12 na Tsarin Mulkin Nijeriya ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, sashe na 25 kuwa bai ce komai ba game da tsintaccen yaro, ko wanda aka haifa a ƙasar ba shi da wata. Wannan giɓi ba na takarda ba ne kawai, in aka tuna da yaran da rikicin Arewa maso Gabas ya raba da iyayensu tun ba su iya faɗin sunan garinsu ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa tsintaccen yaro ɗa ne, ba bawan kowa ba, kuma ɗaukar nauyinsa wajibi ne a kan al'umma. Bai kamata dokar zamani ta kasa kai wa nan ba.

Sa'an nan akwai maganar hujja. Hanyar jini tana bukatar shaida fiye da hanyar mahaifa, domin sai mutum ya tabbatar da su wane ne iyayensa, ya kuma tabbatar da matsayinsu. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. A aikace, takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ita ce ta zama mabuɗi, ga shi kuwa babu wata dokar tarayya da ta shimfiɗa ƙa'idar ba da ita. Makiyayi, da almajirin da aka kawo birni yana ƙarami, da mutanen bakin iyaka irin yaron nan na Jibiya, su ne suka fi faɗawa wannan rami: doka ta ba su ƙasa, rashin takarda ya hana su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da sharuɗɗa huɗu waɗanda in sun cika hanyar jini takan yi adalci. Na ɗaya, a ƙirga jinin uwa daidai da na uba. Na biyu, a bar ƙofar mahaifa a buɗe ga yaron da babu wata ƙasar da ta karɓe shi, da wanda aka tsinta. Na uku, kada a bar kalmar asali ba fassara, kada kuma wani jami'i ya raba mutum da ƙasarsa sai a gaban kotu. Na huɗu, a yi wa kowane yaro rajista tun yana jariri, ƙasashe maƙwabta kuma su riƙa tuntuɓar juna kafin ɗaya ta ce wa mutum shi na ɗayar ne. Uku daga cikin waɗannan aikin majalisa ne da masu gyaran Tsarin Mulki, na huɗun kuwa yana farawa daga asibitin haihuwa, da gidan mai unguwa, da ranar suna. Ɗaliban shari'a da suke zaune a wannan zaure su ne alƙalai da lauyoyi da 'yan majalisar da waɗannan sassa za su zo gabansu, kuma ranar da suka zo, akwai yaro a bayan kowane fayil.